Allurar baya lokacin naƙuda: hanyoyin yin ta, da wadda ta dace da ke

Wasiƙun da ke zuwa mana kan rage zafin naƙuda galibinsu a kan allurar baya ne, wadda likitoci ke kira efidural. Masu tambaya na ɗaukar ta abu guda, alhali shawara biyu ake yankewa a cikinta: yadda za a fara kashe zafin, da yadda za a ci gaba da zuba maganin har a sauka. Mun tsamo tambayoyi bakwai.

Cikina na fari ne, wata takwas. A wajen awo an ce akwai efidural zalla, akwai kuma wadda ake haɗawa da sifainal. Mene ne bambancinsu, wacce zan zaɓa?

Allah ya raba lafiya, 'yar'uwa. Laka, wato igiyar jijiyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta cikin ƙashin baya, tana kwance ne cikin wata jaka mai tauri cike da ruwa. Tsakanin bangon jakar da ƙashi akwai ɗan sarari mai kitse, kuma ta nan rassan jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo suke ratsawa. Efidural a wannan sarari take tsayawa. Sifainal kuwa huda jakar take yi, ta zuba magani cikin ruwan. Ita lakar a jikin babba tana ƙarewa wajen ƙashin ƙugu na farko ko na biyu, shi ya sa ake hudawa ƙasa da nan, yawanci tsakanin na uku da na huɗu.

A efidural zalla, za a fara sa miki robar ƙarin ruwa a hannu, ki zauna ki ranƙwafa, a wanke bayan, a kashe fatar da 'yar ƙaramar allura. Sannan likitan sa barci ya tura allura mai lanƙwasasshen baki har ta isa sararin, wanda a yawancin mata ke da zurfin santimita 4 zuwa 6 daga fata. Ta cikinta ake zura siririyar roba, a bar santimita 4 zuwa 5 a ciki, a zare allurar, a manne robar da filasta. Ƙarfe ba ya zama a bayanki. Ana zuba maganin farko kaɗan-kaɗan, mililita (mil) 15 zuwa 20 gaba ɗaya, kuma sauƙi kan zo cikin minti 15 zuwa 20.

A ta haɗin, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da CSE, kafin a zura robar sai a bi ta cikin allurar farko da wata siririya ƙwarai, a huda jakar, a zuba ɗan magani: bufibaken, mai kashe jijiya, da bai wuce miligiram 2.5 ba, da fentanil, mai rage zafi, maikirogiram 10 zuwa 25. Cikin minti 5 ko kusa da haka zafi ya kwanta, har na ƙasan mara da matuci, wanda efidural zalla kan yi jinkirin kaiwa. Wannan na ɗaukar awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, daga nan robar ta karɓi aiki. Saurin nan yana da nasa farashin. Ƙaiƙayi ya fi yawa saboda fentanil ɗin da ya shiga ruwan laka. Bugun zuciyar jariri kan ɗan sauka a rabin awar farko fiye da yadda ake gani a zalla, domin idan ciwo ya yanke farat ɗaya mahaifa kan murɗa da ƙarfi na ɗan lokaci. Yawanci kwantar da uwa ta gefen hagu, da tsayar da ruwan naƙuda, da ɗaga awon jininta suna gyara shi, kuma ba a ga ya ƙara yawan tiyata ba. Abu na uku: ba za a san ko robar na aiki ba sai maganin farko ya fara sakin jiki.

Akwai ta uku da ta shiga tsakani, DPE: a huda jakar da siririyar allurar amma ba a zuba komai ba. Ganin ɗigon ruwan laka shaida ce cewa allura tana tsakiya, kuma ɗan maganin robar kan sulale ta hudar.

Ra'ayinmu: mai cikin fari da ta nemi allura tun naƙuda ba ta yi nisa ba, zalla ta ishe ta, minti goma na ƙarin jira ba wani abu ba ne. Wadda bakin mahaifarta ya kai santimita 7 ko 8, ko mai haihuwa ta uku da naƙudarta ke gudu, ko wadda ciwo ya hana ta zama wuri ɗaya, CSE ta fi mata.

Matata na gab da haihuwa. Asibiti ɗaya na da na'urar da mai naƙuda ke danna wa kanta magani, ɗayan kuma ungozoma ce ke ƙarawa da sirinji. Na farkon ya fi tsada. Ya cancanci ƙarin kuɗin?

Malam, ka taɓo inda bambancin gaske yake. Farawa aikin minti ashirin ne, amma ci gaba da ba da magani na iya kai awa goma ko fiye. Hanyoyi huɗu ne.

Mafi daɗewa ita ce ƙari da hannu: ciwo ya dawo, a kira ungozoma ko likita, a zuba mil 10 zuwa 15 ta robar. Maganin na bazuwa da kyau, kuma duk ƙari na zuwa ne da idon ma'aikaci a kan mai naƙuda, wanda alheri ne babba. Illar ita ce jira. Daga dawowar ciwo zuwa samun wanda hannunsa ba ya kan wani aiki, zuwa fara aikin maganin, ana iya shafe rabin awa, kuma hakan na maimaituwa kowace awa ɗaya ko biyu.

Ta biyu na'ura ce mai ɗiga magani ba yankewa, mil 8 zuwa 12 a awa. Ta kawar da jiran, amma ta kawo wata matsala. Mai ban ruwa ya san cewa ruwan da ke ɗiga a hankali wuri ɗaya yake jiƙawa har ya yi caɓi, wanda aka kwarara kuwa shi ke kai ƙarshen kunya. Haka maganin yake: ɗigon na taruwa kusa da bakin robar, ya jiƙa jijiyoyin wurin har ya ratsa zuwa masu motsa ƙafa, alhali na nesa, musamman na ƙasa masu ɗauke da ciwon fitowar kai, ba su samu ba. Bayan awanni sai ƙafa ta yi nauyi, ciwo kuma ya ɓullo ta ƙasa.

Ta uku ita ce wadda aka nuna maka, PCEA, wadda aka fara amfani da ita a naƙuda a 1988. Mai naƙuda na riƙe da madanni. In ta danna, na'ura ta zuba mil 5 zuwa 10, sannan ta kulle kanta minti 10 zuwa 20. Ko ta danna sau ashirin a tsakani, ba abin da zai fita. Mata kan sha magani ƙasa da na ɗigon, kuma sanin cewa abin na hannunta na kwantar da hankali. Sharaɗi ɗaya ba ya sassauci: ita kaɗai ke dannawa. Kai ko mai jinya kada ku danna mata don tausayi, domin jin ciwonta shi ne ma'aunin. Ta kuma danna tun ciwon na tasowa, kada ta bari ya kai ƙololuwa, tunda maganin na bukatar kamar minti 10.

Ta huɗu, PIEB, na'ura ce ke kwaikwayon hannun ungozoma: tana kwarara mil 8 zuwa 10 a tashi ɗaya kowane minti 40 zuwa 60, ko an danna ko ba a danna ba. Idan aka gwada ta da ɗigon, ciwo bai cika ɓullowa ba, nauyin ƙafa ya ragu, maganin da ake sha ma ya ɗan ragu. Haɗa ta da madanni shi ne tsarin da muke fifitawa.

To, ya cancanci kuɗin? In sauran abubuwa daidai suke, kuma aljihu zai ɗauka, e. Amma kafin ka tambayi na'ura, tambayi mutane. Akwai likitan sa barci a cikin asibitin dare da rana, ko kiransa ake yi daga gida? Ungozoma ɗaya mata nawa take kula da su? Ana auna jini kowane minti 5 na tsawon minti 15 bayan kowane babban ƙari, a kuma saurari zuciyar jariri na rabin awa? Akwai maganin ɗaga jini kamar efedirin ko fenilefirin a kusa? Asibiti mai sirinji da ungozoma a gefen gado ya fi mai na'ura da babu mai leƙowa. Ka kuma tambaya ko kuɗin ya haɗa da sake sa robar in ta farko ta ƙi aiki.

Yayata ta yi allurar shekarun baya, ƙafafunta suka mutu, ta kasa nishi, sai da aka jawo yaron da ƙarfe. Ni ma haka zai same ni?

Abin da ya sami yayarki ya fi kama da aikin magani mai kauri. A da ana amfani da bufibaken mai ƙarfin kashi 0.25 cikin 100 ko fiye. Yanzu ana tsinka shi zuwa kashi 0.1 ko 0.0625, a haɗa da fentanil maikirogiram 2 a kowane mil. Jijiyoyin ciwo sirara ne, tsinkakken magani na kama su. Masu motsa tsoka kaurara ne, sai mai ƙarfi ke kwantar da su. Wani babban gwaji da aka yi a Ingila, aka wallafa a 2001, ya nuna cewa tsinkakken maganin na rage haihuwar da ake jawowa da ƙarfe ko kofin zuƙa. Saboda haka tambayar da za ki yi ita ce: ƙarfin maganinku nawa ne? Amsarta ta fi sunan hanyar muhimmanci.

Efidural ba ta ƙara yiwuwar tiyata. Takan ƙara tsawon lokacin nishi da kamar kwata na awa. Abin da ake so shi ne ki riƙa jin matsi da taurin ciki ba tare da zafi ba, ki iya ɗaga ƙafa ki juya da kanki. Idan bakin mahaifa ya buɗe duka kuma jariri lafiya, akan jira kamar awa ɗaya kai ya sauko kafin ki fara nishi. Kada a kashe na'urar a wannan gaɓa da sunan taimaka miki: ciwon ne kawai ke dawowa. Wani gwajin kuma na 2017, shi ma a Ingila, ya gano cewa masu cikin fari da ke da efidural sun fi haihuwa da kansu idan suka kwanta ta gefe, kashi 41 cikin 100, a kan kashi 35 na waɗanda suka kasance a zaune ko a tsaye.

Kada ki manta da mafitsara. Ba za ki ji cikarta ba, kuma cikakkiyar mafitsara na tare wa kai hanya. A riƙa zubar da fitsarin da roba kowace awa huɗu ko ƙasa da haka.

A haihuwata ta baya gefen dama kaɗai ta kama, hagu na ta ciwo har na haihu. Laifin jikina ne?

Ba laifinki ba ne, kuma bai kamata a bar ki haka ba. Kusan mace 1 cikin 8 allurar ba ta yi mata yadda ake so a karon farko. Sanadin da ya fi yawa shi ne robar ta shiga da nisa ta karkata gefe guda. Wani lokaci maganin ne bai kai yawan da zai zagaya ba, ko robar ta zame saboda gumi da juye-juye.

Gyaran na da tsari. A gwada da ƙanƙara ko auduga mai sanyi a ga inda maganin ya kai ta kowane gefe. Ana so ya kai cibiya. A duba alamar robar a fata ko ta motsa. A kwantar da ke kan gefen da ke ciwo a zuba mil 10 ko fiye na tsinkakken magani. In bai yi ba, a janye robar santimita 1 a sake zubawa. In an yi ƙari biyu, an shafe minti 30 zuwa 45 babu sauƙi, a cire a sake sabuwa, kuma a nan CSE ko DPE na da amfani tunda suna tabbatar da tsakiya. Muna nanata wannan ne domin robar da ba ta aiki a naƙuda ba za ta yi aiki ba in tiyata ta taso. Mai aiki kuwa, mil 15 zuwa 20 na maganin kashe jijiya lidoken mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 ya isa a yi tiyata kina farke, ba sai an sa ki barci ba.

Wani ciwon kuma ba na roba ba ne. Jaririn da ƙeyarsa ke kallon bayan uwa na jawo ciwon baya mai taurin kai. Yawan neman ƙari na iya zama alamar naƙuda ta tsaya. Wadda aka taɓa yi wa tiyata, in ta ji ciwo mai tsanani da ba ya lafawa tsakanin murɗa da murɗa duk da allurar na aiki, ta faɗa nan take, domin yana iya zama tabon mahaifa ne ke buɗewa.

Asibitinmu ba sa sa roba. Sun ce allura ɗaya suke yi, ta sifainal. Tana da amfani?

Tana da shi, in an dace da lokaci. Daidai take da rabin farko na CSE: sauƙi cikin minti kaɗan, na awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ta dace da wadda ta taɓa haihuwa kuma naƙuda ta yi nisa. Mai cikin fari a santimita 4 kuwa, maganin zai sake ta tun tafiya da saura, kuma ba a iya mayar da ita ta tiyata. Wasu na ƙara ɗan mofin, maganin rage zafi mai ƙarfi, don ta daɗe. In an yi haka a sa ido kan numfashi har kwana guda, a kuma sa ran ƙaiƙayi da tashin zuciya.

Tsorona ciwon kai, ciwon baya na har abada, da shanyewar ƙafa.

Mu ɗauke su ɗaya-ɗaya, da alƙaluman da likitocin sa barci na masu haihuwa a Birtaniya suka daɗe suna ba mata.

Ciwon kai na samun kusan 1 cikin 100. Yana faruwa ne in babbar allurar ta zarce ta huda jakar, ruwan laka ya riƙa yoyo. Alamarsa ba ta ɓuya: ya tsananta in kin tashi zaune, ya lafa in kin kwanta, yawanci cikin kwana uku na farko, wani lokaci da taurin wuya ko ƙarar kunne. Maganinsa mafi inganci shi ne a ɗebi jininki kamar mil 20 a zuba a sararin efidural, ya daskare ya toshe hudar. Siririyar allurar CSE ba ta ƙara wannan haɗari da wani abin a zo a gani ba.

Ciwon baya: wurin hudar kan yi tsami kwana biyu zuwa mako. Na dogon lokaci kuwa, gwaje-gwaje sun nuna yawansa ɗaya ne tsakanin waɗanda suka yi allurar da waɗanda ba su yi ba. Ciki da reno ne ke kawo shi.

Taɓuwar jijiya ta wucin gadi, kamar wani yanki na cinya ya yi sanyi ko ƙafa ta yi rauni, kusan 1 cikin 1,000. Wadda ta wuce wata shida, 1 cikin 13,000. Mummunar illa irin shanyewa, kusan 1 cikin 250,000. Abin da ke hana ƙaramar matsala zama babba shi ne saurin faɗa. Awa 4 bayan maganin ƙarshe ya kamata ki iya ɗaga ƙafa miƙe daga katifa. In kin kasa, a kira likita a lokacin. Bayan kin koma gida, sabon ciwon baya mai tsanani da zazzaɓi, raunin ƙafa da ke ƙaruwa, ko kasa riƙe fitsari, na bukatar komawa asibiti a ranar. Lokacin da ake zuba magani kuma, ɗanɗanon ƙarfe a baki, mutuwar leɓe ko ƙarar kunne na iya nufin robar ta shiga jijiyar jini: ki yi magana kafin a ƙarasa.

Abubuwan da suka fi waɗannan yawa ƙanana ne: saukar jini, karkarwa, ƙaiƙayi, da ɗumin jiki bayan awanni.

Ina da hawan jinin ciki, ina shan asfirin, ina kuma yi wa kaina allurar tsinka jini kullum. Zan iya yi? Yaushe ya kamata in nema?

Malama, ke ce kika fi kowa bukatar ganin likitan sa barci tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙaramin asfirin ba ya hanawa. Allurar hefarin irin ta inogzafarin ita ce mai lissafi: awa 12 tsakanin ta ƙarshe da hudar baya in ta rigakafi ce, awa 24 in ta magani ce. Da zarar naƙuda ta fara ko faya ta fashe, kada ki yi ta gaba, kuma ki rubuta lokacin da kika yi ta ƙarshe. Bayan cire robar, a jira aƙalla awa 4 kafin a ci gaba. Dalilin duk wannan shi ne jinin da ya zuba a sararin nan ba shi da mafita, sai ya danne jijiyoyi.

Hawan jinin ciki kan rage ƙwayoyin daskarar da jini, filatilet, wani lokaci cikin awanni. Akasarin likitoci na yin allurar in sun kai 70,000 ko fiye kuma ba sauka suke yi ba, da gwajin da bai wuce awa 6 ba in ciwon ya yi tsanani. Wannan hujja ce ta sa robar da wuri, tun adadin na da kyau. Efidural na taimaka wa mai irin ciwonki: tana hana jini hauhawa da kowace murɗa, kuma in tiyata ta kama, ta tsame ki daga sa barci, wanda ya fi haɗari ga mai hawan jini. A nan mun fi son robar da aka gwada aka tabbatar tana aiki ta gefe biyu. Haka shawarar take ga mai ƙiba sosai, mai tagwaye, da mai wasu cututtukan zuciya.

Batun lokaci kuma, tsohuwar ƙa'idar jiran santimita 4 ta faɗi tun bayan wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2005, wanda ya nuna yin ta da wuri ba ya ƙara tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2018, ta amince a yi wa mai naƙuda efidural idan ta nema. Iyakar ƙarshe ita ce ki iya zama shiru na 'yan mintuna, kuma kan jariri bai riga ya leƙo ba. Abubuwan da za su hana gaba ɗaya su ne ƙurji ko miki a wurin hudar, cutar da ta bazu cikin jini ba a fara maganinta ba, zubar jini mai yawa da ba a tsayar ba, da jinin da ba ya daskarewa. In ɗayansu ya same ki, a tattauna iskar shaƙa ko allurar rage zafi ta remifentanil ta jijiyar hannu mai madanni, wadda ke bukatar ungozoma a gefenki ba ɗagawa da na'urar auna iskar jini a yatsa. Ki zo da takardar magungunanki da sakamakon gwajin jininki na ƙarshe ranar da za ki ga likitan.